Yadda Ake Tara Kalmomin Turanci Don Jarrabawar Karatu ta IELTS, Ga Wanda Ya Taso da Larabci

Na ɗauki shekaru ina zama da ƙannenmu a nan Jidda muna shirin jarrabawar Turanci, wasu kuma daga Makka da Madina ta waya. Kusan dukkansu kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka zo daga gida suka yi digiri a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura, yanzu suna neman digiri na biyu a Malesiya ko Ingila, aka ce sai sun kawo sakamakon IELTS. Akwai kuma haifaffun nan, Hausa a gida, Larabci a makaranta da titi, Turanci kuwa darasi ne da aka ci aka wuce. Duka ɓangarorin biyu a wuri ɗaya suke cijewa, wato sashen karatu.

Ni ma a nan na cije karon farko. Na shiga da kalmomi cike da littafi guda, kowace da fassarar Larabci a gefenta, na haddace su kamar matani. Da aka buɗe jarrabawa sai na ga babu wanda ya tambaye ni ma'anar ko kalma ɗaya. Abin da ake yi shi ne a faɗi magana a cikin nassi da wasu kalmomi, a sake faɗinta a cikin tambaya da wasu kalmomin daban, a ce ka gano ko magana ɗaya ce. Duk abin da zan bayyana a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Ga yadda sashen yake, don ka san abin da kake tunkara. Minti 60 ne, nassi uku, tambaya 40. Jimlar kalmomin nassoshin tana tsakanin 2,150 da 2,750. Maki daga 0 zuwa 9 ne, kuma a bisa kimantawa amsa 23 daidai tana ba da maki 6, amsa 30 tana ba da 7. Idan jarrabawar Turanci ta STEP ta hukumar Ƙiyas za ka yi, wadda jami'o'in nan da yawa ke karɓa, fahimtar karatu ce ta fi kowane sashe kaso a cikinta, saboda haka wannan aikin zai yi maka amfani kai ma.

Kayan aiki

Katuna da yawa, kamar ɗari shida, masu girman tafin hannu. Kowace maktaba tana sayar da su, shagunan kayan araha na abu riyalain ma akan samu. Idan babu, ka yanka farar takarda mai kauri. Kwalin dabino wanda aka cinye, ka raba cikinsa gida biyar da guntayen kwali. Biro baƙi da ja, da robar ɗaure kuɗi don ƙulle katunan da za ka fita da su.

Ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi don masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge. Duka ukun suna intanet kyauta, da muryar da ke furta kalma. Ka ajiye ƙamus na Turanci da Larabci a gefe, kamar Al-Mawrid, don tabbatarwa kawai.

Jerin kalmomin ilimi da ake kira AWL, ka sauke ka buga shi a takarda. Sai littafi ɗaya ko biyu na tsofaffin jarrabawoyi na Cambridge, masu lamba a bango. Ana samunsu a kantin littattafai na Jarir, amma kafin ka saya ka tambayi 'yan'uwan da suka riga ka yi, da wuya ka rasa mai ba ka aro. Na ƙarshe, littafin rubutu guda wanda ba za ka sa komai a cikinsa ba sai abin da zan faɗa a mataki na shida.

1. Auna kanka tukuna

Buɗe nassi ɗaya daga littafin Cambridge. Ƙirga kalma 200 daga farko, ka ja layi. Karanta ba tare da ƙamus ba, ka sa jan biro a ƙarƙashin duk kalmar da ba ka sani ba. Kada ka yi wa kanka sassauci. Wadda ka taɓa gani amma ba za ka iya faɗin ma'anarta ba, ba ka san ta ba.

Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san wajen kashi 98 cikin ɗari na kalmomin nassi kafin ya fahimce shi cikin sauƙi babu taimako. A kashi 95 ana iya lallaɓawa. Ka duba abin da wannan ke nufi a nassi mai kalma 900: kashi 98 baƙin kalmomi 18 ke nan, kashi 95 kuwa 45 ne, kusan kowane layi biyu sai ka yi tuntuɓe.

To idan jan layinka bai wuce goma ba a cikin 200 ɗin, wuce zuwa mataki na biyu. Idan ya kai ashirin ko fiye, matsalarka ba ta kalmomin ilimi ba ce tukuna, ta kalmomin yau da kullum ce. Ka ba wa jerin kalmomin yau da kullum na Oxford 3000 da ƙananan littattafan labari da aka sauƙaƙa wa masu koyo wata ɗaya ko biyu. Na san wannan maganar ba ta da daɗin ji ga mutumin da ya karanci Alfiyya ta nahawun Larabci, amma kuɗin jarrabawar ya haura riyal dubu, kuma na ga waɗanda suka biya sau uku saboda sun ƙi komawa baya na wata biyu.

2. Zaɓi abin da za ka haddace

Ba kowace baƙuwar kalma ce ta cancanci kati ba. Nassi zai iya zuwa a kan tururuwa, ko tarihin gilashi, ko barcin jarirai. Sunan wani ƙwaro da ka gani yau mai yiwuwa ba za ka sake ganinsa ba har abada, kuma irin waɗannan kalmomi nassin da kansa yakan bayyana su. Abin da ke dawowa a kowane nassi, ko mene ne batunsa, su ne kalmomin da masu ilimi ke ɗinke magana da su, irin su *assess*, *derive*, *evident*, *factor*, *indicate*, *vary*.

Wata malama mai suna Averil Coxhead, a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalma miliyan uku da rabi, ta fitar da dangin kalmomi 570 da ke yawan maimaituwa a fannoni daban-daban. A shekarar 2000 aka wallafa jerin, shi ne AWL. Su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi goma cikin ɗari na rubutun ilimi. An kasa su rukuni goma, tara na farko sittin-sittin, na ƙarshe talatin, kuma an jera su daga mafi yawan zuwa. Ka bi su a jere, kada ka tsallaka.

Lissafina shi ne takwas a rana, kwana shida a mako, Juma'a babu ƙari. Mako goma sha biyu ka sauke. Waɗanda ka riga ka sani da gaske ka tsallake su, ka cike gurbinsu da kalmomin da ka tsinto a karatunka, da sharaɗin ka gamu da kalma sau biyu a wurare daban kafin ka ba ta kati.

Kullum sai an sami mai cewa zai iya talatin a rana. Zai iya, na mako ɗaya. A mako na uku bita ta taru ta fi ƙarfinsa, sai ya ajiye kwalin gaba ɗaya.

3. Rubuta katin

A gaban kati ka rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, a ƙasanta jimla ɗaya cikakkiya da ta zo a ciki, daga nassin da ka gan ta ko daga misalan ƙamus. Kalma babu jimla kamar baƙo ne babu mai masauki, ba ta daɗewa.

A baya abu huɗu ne. Bari mu ɗauki *significant*. Na farko ma'ana, a taƙaice, da harshen da ya fi saurin shiga zuciyarka, Hausa ko Larabci: mai yawa ko mai muhimmancin da za a lura da shi. Na biyu danginta: *significance*, *significantly*, *insignificant*. Na uku abokan tafiyarta: *significant increase*, *significant difference*. Na huɗu, da jan biro, takwarorinta da za su iya tsayawa a madadinta: *considerable*, *substantial*, *marked*. Jan layin nan shi ne mafi tsada a katin.

Kafin ka ajiye, danna muryar ƙamus ka ji yadda ake furta ta, ka maimaita sau uku da ƙarfi. Kalmar da bakinka bai iya ba, idonka ma yakan tsallake ta.

Kuskuren da na fi gani shi ne a jefa kalma ita kaɗai cikin manhajar fassara, a kwafe abin da ya fara fitowa. Haka wani ƙanena ya rubuta *plant* tsiro, *address* adireshi, *novel* littafin labari. A rubutun ilimi *plant* tana iya zama masana'anta, *address a problem* tunkarar matsala ne, *a novel method* kuma sabuwar hanya. Waɗannan sanannun kalmomi masu fuska biyu sun fi baƙi haɗari, domin ba ka tsayawa ka bincike su. Ka ƙara da *figure*, *issue*, *subject*, *yield*, *sound* da *account for*. Duk lokacin da jimla ta ƙi yin ma'ana alhali ka san kowace kalma a cikinta, to ɗayarsu ta juyo maka da ɗaya fuskar.

4. Kwalin bita

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi hadda. Idan har Alƙur'ani aka umarce mu da bibiyarsa saboda ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa, ina ga kalmar Turanci da ka gani jiya? Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kan kansa ya wallafa a 1885: mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta rage gudu. Wani Bajamushen kuma, Sebastian Leitner, ya tsara hanyar akwati a shekarun 1970. Ita ce za mu yi da kwalin dabino.

Sabon kati gida na ɗaya yake shiga, ana duba shi kullum. Wanda ka tuna daidai ya matsa gida na biyu, da ake dubawa Lahadi da Talata da Alhamis. Gida na uku ranar Asabar kawai, na huɗu duk mako biyu, na biyar sau ɗaya a wata. Duk katin da ka kasa, ko daga gida na biyar ne, ya koma na ɗaya. Babu roƙo, babu "ai na kusa".

Yadda ake duba katin shi ne asirin. Ka kalli gaba, ka faɗi ma'ana da takwara aƙalla ɗaya da bakinka, sannan ka juya. Wanda yake juyawa kafin ya faɗa daidai yake da mai tilawa yana kallon mus'hafi yana zaton ya haddace. 'Yar wahalar nan da kake sha wajen lalubo kalmar a ka, ita ce ke dasa ta.

Salloli sun riga sun yanka mana yini, sai ka rataya aikin a jikinsu. Bayan Asuba ka rubuta sababbi takwas, minti ashirin. Bayan La'asar ka yi bitar gidan da ranarsa ta zo. Kafin ka kwanta ka sake duba takwas ɗin safe. Ɗaliban Madina suna da lokacin da suke zaune a mota zuwa Harami da dawowa, ya ishe su. Wata ƙanwarmu mai yara uku a Makka manne katunan ranar take yi a ƙofar firji, tana girki tana biya su.

Idan ka fi son waya, manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta. Kyauta ce a kwamfuta da Android, a iPhone ana saya. Sai dai ka rubuta katunanka da kanka, kada ka sauke na wani mai kalma dubu biyar. Kuma idan ka san da ka ɗauki waya WhatsApp zai janye ka, ka tsaya a kwalinka.

5. Yi amfani da sarfun da ka iya

A nan ɗalibin Larabci ya fi kowa gata, amma da yawa ba su sani ba. Kai da ka san cewa daga kaf, ta da ba ake fitar da kataba da katib da maktub da maktaba, kuma kana ganin awon kalma ka san fi'ili ce ko suna, idonka ya riga ya saba da rarraba kalma. Turancin ilimi, wanda yawancinsa daga Latin da Girkanci ya samo asali, haka yake ginuwa: ɗafa-goshi, saiwa, ɗafa-ƙeya.

Ɗafa-ƙeya tana gaya maka jinsin kalma. Mai ƙarewa da *-tion*, *-ment*, *-ity*, *-ness* suna ce. Mai *-ive*, *-ous*, *-able* sifa ce. Mai *-ise* ko *-ify* aikatau ce. Amfanin wannan yana fitowa a tambayoyin cike gurbi: kafin ka koma nassi ka riga ka san suna kake nema ko sifa, sai rabin zaɓin ya zube. Ɗafa-goshi kuma tana juya ma'ana: *un-* da *dis-* korewa, *mis-* kuskure, *re-* maimaitawa, *pre-* gabata, *over-* wuce kima, *under-* gazawa, *inter-* tsakani. Saiwar *spect* kallo ce, daga ita aka sami *inspect* da *perspective* da *spectator*. Saiwar *port* ɗauka ce, ga *export*, *import*, *transport*.

Ka ware ranar Asabar ɗaya ka rubuta waɗannan a shafi biyu, daga nan kuma duk sabuwar kalma ka fara yanka ta kafin ka buɗe ƙamus. Amma kamar yadda sarfu yake da shazzi, wato abin da ya fita daga ƙa'ida, nan ma akwai. *Invaluable* ba marar daraja ba ne, mai darajar da ta wuce kimantawa ne. *Hardly* ba ta da alaƙa da ƙoƙari, ma'anarta da ƙyar. *Economic* na tattalin arziki ne, *economical* mai tsimi. Yanka kalma hasashe yake ba ka, jimla ce ke tabbatarwa.

6. Farautar takwarori

Idan lokacinka ya ƙure har sai ka zaɓi mataki ɗaya, wannan za ka riƙe.

Sau biyu a mako ka ɗauki nassi ɗaya daga littafin Cambridge, ka sa agogo minti ashirin, ka amsa tambayoyinsa. Ka duba amsoshi a bayan littafi. Mafi yawan mutane a nan suke rufe littafin, su ce na ci tara cikin goma sha uku, su tashi. Alhali aikin yanzu ya fara.

Ɗauko littafin rubutun nan da na ce ka keɓe. Raba shafi biyu da layi, dama ka rubuta "tambaya", hagu "nassi". Ka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ka ci, ka nemo ainihin jimlar da amsar take ciki, ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Ga misalin da nake ba ɗalibaina, tunda ruwan da muke amfani da shi a Jidda daga teku ake tace shi. A ce nassi ya ce:

*Desalination plants account for a substantial proportion of the water consumed in coastal cities.*

Tambaya kuma ta ce:

*Much of the water used in towns by the sea comes from facilities that remove salt.*

In ka cire *water* da ƙananan kalmomin haɗi, babu wata kalma da ta maimaitu, amma magana ɗaya ce. Yanzu sai ka haɗa su biyu-biyu: *a substantial proportion* ita ce *much*; *consumed* ita ce *used*; *coastal* ita ce *by the sea*; *plants* ita ce *facilities*; *desalination* ita ce *remove salt*; *account for* ta zama *comes from* bayan an juya jimlar. Jimla ɗaya ta ba ka tagwaye shida. Nassi guda yakan ba ka ashirin ko fiye.

Bayan wata ɗaya za ka fara ganin abin mamaki: tagwayen suna dawowa. Raguwa tana zuwa a *decline*, *fall*, *drop*, *diminish*. Sababi yana zuwa a *due to*, *stem from*, *result from*, *be attributed to*. Sai ka buɗe wa kowace ma'ana shafinta a bayan littafin: shafin ƙaruwa, shafin raguwa, shafin sababi, shafin sakamako, shafin shakka, shafin saɓani. Wannan littafin ya fi duk wanda za ka saya, domin daga bakin masu jarrabawar ka kwaso shi.

Hattara da tarko guda. Idan ka ga kalmar da ke cikin tambaya ta fito sak a cikin nassi, kada ka yi murna da wuri. Sau da yawa an ajiye ta ne don mai gaggawa, amsar gaskiya tana layi biyu a ƙasa cikin wasu tufafin.

Idan ba ka sami littafin Cambridge ba, shafukan British Council da IDP, masu shirya jarrabawar, suna da samfurin jarrabawa kyauta. Idan su ma ka ƙare su, ku haɗu ku biyu: kowa ya ɗauko jimla biyar daga jarida ya sake rubuta su da wasu kalmomi, ɗan'uwansa ya nemo asalinsu.

7. Ƙananan kalmomin da ke yanke hukunci

Akwai nau'in tambaya da ake ba ka magana a ce ka zaɓi *True* ko *False* ko *Not Given*, wato nassi ya gaskata ta, ko ya ƙaryata ta, ko bai ce komai a kai ba. Wanda ya karanci usulul fiƙhi ya san wannan filin: amm da khass, wato gamamme da keɓantacce, da abin da nassi ya furta, da abin da ya yi shiru a kansa. Hukuncin yakan rataya ne a kan 'yan kalmomin da ba a kula da su: *some*, *most*, *all*, *only*, *may*, *tend to*, *rarely*, *seldom*. Ka jera su a kati ɗaya kamar tsani, daga *never* har zuwa *always*, ka san matakin kowace. Haka kuma masu juya akalar magana: *whereas*, *despite*, *unless*, *nevertheless*, *albeit*. Wanda bai san *albeit* ba, zai iya fahimtar jimla a juye.

Wata rana na rubuta wa wani ɗalibi daga Madina wannan: *Some varieties of date ripen as early as June.* Na ba shi magana uku. Ta farko, duk dabino sai bayan watan Yuni yake nuna; ya ce ƙarya, daidai. Ta biyu, wasu nau'o'in suna nuna a watan Yuni. Ya ce gaskiya, daidai. Ta uku, dabinon da ke nuna a Yuni ya fi kowanne zaƙi. Bai ko yi jinkiri ba ya ce gaskiya.

Na ce, "A ina ka gani?"

Ya ce, "Haba Yaya, wa bai san dabinon Rusana ba? Ai ko zuma albarka."

Na ce, "Ustaz, ni ma na ci na sani. Amma ba harshenka aka tambaya ba, nassi aka tambaya. Nuna mini kalmar zaƙi a layin nan."

Ya duba, ya yi dariya, ya ce maskutun anhu ne, wato nassi ya yi shiru a kansa. Tun daga ranar bai sake faɗuwa irin wannan tambayar da sauƙi ba. Saninka na duniya ka bar shi a ƙofa tare da wayarka.

8. Koya wa idonka ganin wasula

Wannan ciwo ne na musamman ga wanda ya daɗe yana karanta Larabci marar wasali. Ido ya saba ya ɗauki baƙaƙe ya cike sauran da kansa. A Turanci wannan sabon yana kayar da mutum: *form* da *from*, *quite* da *quiet*, *adapt* da *adopt*, *affect* da *effect*, *though* da *through* da *thorough*. Kama da wane ba ta wane. Ga kuma namu na Hausa, musanya p da f, da na Larabawa, musanya p da b.

Maganinsa kati ɗaya ga kowane tagwaye, wasulan da jan biro, kowace da jimlarta. Sannan duk Asabar ka ba wani katuna goma ya karanta maka, kai kuma ka rubuta. Kada ka raina wannan, domin a jarrabawa amsar da aka rubuta da kuskuren harafi ɗaya faɗuwa ce, ko da daga nassin ka kwafo ta.

9. Karatu kullum

Kati yana gabatar da kai ga kalma, karatu ne ke sa ku saba. Minti ashirin a rana, ba fashi. Arab News da Saudi Gazette suna da sauƙin farawa saboda ka riga ka san labarin da Larabci. Bayan mako uku ka matsa zuwa shafin kimiyya na BBC, da The Conversation inda malaman jami'a ke rubuta wa jama'a, da National Geographic. Ka tilasta wa kanka batun da ba ka so. Mu da muka fito daga kulliyar Shari'a ko Hadisi mukan guje wa ilimin ƙasa da na halittu, su kuwa suna yawan zuwa.

Karanta sau ɗaya ba ƙamus, kana hasashe daga abin da ke kewaye. A karo na biyu ka duba kalma biyar kacal, waɗanda rashinsu ya hana ka gane maganar. Idan a kwamfuta za ka yi jarrabawar, ka riƙa yin rabin karatun nan a allon kwamfuta, ba a waya ba.

Ramadan da lokacin Hajji sukan rushe tsarin mutanenmu da yawa, musamman masu hidimar alhazai. Idan sun zo ka dakatar da ƙari gaba ɗaya, ka riƙe bita kawai, ko minti goma ne. Kuma kada ka sa ranar jarrabawa a mako biyun da ke biye da su.

10. Mako uku na ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako uku ka rufe ƙofar sababbin kalmomi. Abin da ya rage shi ne kwali, da littafin tagwaye, da cikakkiyar jarrabawa sau biyu a mako: nassi uku a zama ɗaya, minti 60, waya a kashe. Galibi nassi na uku ya fi nauyi, don haka ka yi ƙoƙarin gama na farko cikin minti 17 ka tara wa na ƙarshe. Katunan da suka koma gida na ɗaya fiye da sau uku ka fitar da su daban, ka sauya musu jimla da wadda ta shafi rayuwarka, ka ɗaure su da roba su zauna a aljihun jallabiyarka.

A ranar, ka tafi da ainihin takardar shaidar da ka yi rajista da ita. Idan ka gamu da kalmar da ba ka sani ba, kuma lallai za ka gamu, ka tambayi kanka ko tambayar tana buƙatarta. Idan ba ta buƙata, wuce. Idan tana buƙata, yanka ta, duba jimlar gabanta da ta bayanta, ka zaɓa. Ka kula da umarnin adadin kalmomi: idan an ce kada amsa ta wuce kalma biyu, uku faɗuwa ce ko da ma'anar daidai take. Ba a rage maki don amsa ta kuskure, saboda haka a minti biyu na ƙarshe ka cike duk gurbin da ya rage.